Jagorar Bin Sawun Ƙananan Sinadarai a Masana'anta: Ƙari, Datti da Yanayin Aiki

A ƙarshen shekarar 1909, Alwin Mittasch na kamfanin BASF a Jamus yana neman katalis mai arha, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwa, da zai haɗa naitirojin da haidirojin su ba da amoniya, domin osmiyam da yuraniyam da masanin sinadarai Fritz Haber ya yi gwaji da su suna da wuyar samu da wuyar sarrafawa. Ƙarfe tsantsa bai taɓuka abin kirki ba, amma wani dutsen magnetait da aka haƙo a Suwidin ya ba da sakamako mai kyau, kuma da aka bincika sai aka tarar dattin da ke cikin dutsen ne ya jawo haka. Bayan dubban gwaje-gwaje aka tsaya a kan ƙarfe da aka sa wa ɗan alumina da ɗan fotasiyam, kuma da wannan haɗin masana'antar amoniya ta BASF da ke Oppau ta fara aiki a 1913. Abin da ya shigo a matsayin datti ya koma ƙarin da ake zubawa da gangan har yau.

Katalis shi ne sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da ya ƙare a cikinta ba. Ƙari shi ne abin da aka zuba da niyya, datti kuma abin da ya shigo ba a gayyace shi ba, yanayin aiki kuwa ya ƙunshi zafi, matsi, tsawon lokaci, garwayawa da tsamin ruwa. A ganina kuskuren da ya fi yawa a wannan fanni shi ne duba ukun nan a rarrabe, alhali adadin abu da wurin da ya sauka da zafin da ya tarar a wurin su ne ke yanke ko zai amfanar ko zai cutar. Matakan da ke tafe hanya ce ta bin sawun ƙaramin sinadari tun daga ƙofar masana'anta har zuwa inda ya ƙare.

Mataki na farko: a rubuta duk abin da ke shiga

Ana farawa da jerin duk abin da ke taɓa kayan da ake sarrafawa, kuma jerin ya wuce manyan kayan da ake saye da tan-tan. Ruwa yana ciki, da tururi, da iskar da ake zuƙowa daga waje, da man shafawa na injin matsa iska, da sabulun da aka wanke tanki da shi, da ragowar kayan da motar dako ta ɗauka kafin ta ɗauko naka, har da ƙarfen da aka ƙera tukunyar haɗi da shi. Wannan na ƙarshen yakan ba mutane mamaki. A farkon shekarun 1950, a ɗakin gwajin masanin sinadarai Karl Ziegler da ke Mulhaim a Jamus, gwajin da ya saba ba da dogayen sarƙoƙi daga iskar etilin ya koma ba da gajeren sinadarin butin kawai, kuma aka gano cewa ɗan ɓurɓushin nikel da ya rage a tukunyar ne sanadi. Bin diddigin wannan ɓurɓushi ne ya kai su ga katalis ɗin da ake yin robar foli'etilin da shi a ƙaramin matsi, aikin da ya ba Ziegler da Giulio Natta kyautar Nobel a 1963.

Takardar shaidar inganci da mai sayarwa ke haɗowa da kaya tana nuna abin da aka auna ne kaɗai. Idan ta ce kayan suna da tsarkin kashi 99.5 cikin 100, tambayar da ta dace ita ce mene ne ke cikin rabin kashin da ya rage, domin a can matsalar take kwana.

Daga nan a mayar da kowane adadi zuwa kilo a shekara. Kashi ɗaya cikin miliyan yana kama da babu, amma masana'antar da ke shan tan 100 na kaya a kowace awa, idan kayan suna ɗauke da farar wuta kashi ɗaya cikin miliyan, tana karɓar giram 100 a awa, wato kilo 800 a cikin awa 8,000 na aikin shekara. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma wannan lissafin mai sauƙi ya kan sauya ra'ayin shugabannin da ba sa son kashe kuɗi a kan tacewa.

Mataki na biyu: a nemo inda kowane datti yake zuwa

Duk abin da ya shiga masana'anta dole ya kasance a wani wuri. Ko ya fita tare da kayan da aka sarrafa, ko ya fita da shara da hayaƙi, ko ya rikiɗe ya zama wani sinadari, ko ya manne a jikin katalis da bututu, ko kuma ya yi ta kewayawa yana taruwa. A ɗauki zanen masana'antar a bi kowane datti da alƙalami, na'ura bayan na'ura, har a ga ƙofar fitarsa. Wanda ba a ga ƙofarsa ba yana taruwa a wani wuri, ko an sani ko ba a sani ba.

Wuri mafi haɗari shi ne zagayen mayarwa, inda ake dawo da kayan da ba su gama haɗuwa ba zuwa tukunya. A masana'antar amoniya, kusan kashi 15 cikin 100 na iskar ne ke zama amoniya a wucewa ɗaya, sauran kuma a mayar da shi. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da argon kashi 0.93 cikin 100, kuma ɗan metan yakan biyo haidirojin. Su biyun ba sa shiga haɗuwar, ba sa kuma narkewa su bi ruwan amoniya sosai, don haka suke taruwa suna cinye gurbin iskar da ke da amfani. Maganin shi ne buɗe ƙaramar hanyar zubarwa da ke fitar da wani ɓangare na iskar zagayen a kai a kai. Lissafinta a bayyane yake: idan iskar da ke shigowa tana da kashi 1 na waɗannan baƙin, kuma abin da ake zubarwa ya kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ke shigowa, to za su daidaita a kusan kashi 10 a cikin zagayen. Wanda ya rage zubarwar zuwa rabi don ya adana haidirojin ya ninka dattin zuwa kashi 20, ko da yake zai ɗauki lokaci kafin ya ga hakan a ma'auni.

Haka abin yake a hasumiyar sanyaya ruwa, inda ruwa ke tashi tururi ya bar gishirinsa. Idan an bar ruwan ya kaurara sau biyar, kiloraid mai miligiram 100 a lita zai koma 500, kuma kiloraid yana tsattsaga ƙarfen da ba ya tsatsa na jinsin 304 da 316 idan zafi ya haura kusan digiri 60 kuma ƙarfen yana ɗauke da nauyi ko ragowar ƙuncin walda. A hasumiyar tace ruwa ta hanyar tafasa kuma, sinadarin da wurin tafasarsa ya faɗo tsakanin na kayan sama da na ƙasa yakan maƙale a tsakiya, ya kasa hawa ya kasa sauka, har sai ya dagula aikin hasumiyar. Duk wani shiri na rage shara ta hanyar mayar da ruwa ko sauran kaya, komai kyawunsa, ya kamata a sake yi masa wannan lissafi kafin a fara.

Mataki na uku: a tantance irin ɓarnar da matakin da za a jure

Gubar katalis iri biyu ce. Akwai ta ɗan lokaci, wadda katalis ke farfaɗowa daga ita idan an tsarkake iskar, kamar yadda ɗan ruwa ko kabon monoksaid ke yi wa katalis na ƙarfe da ake haɗa amoniya da shi matuƙar ba su daɗe ba. Akwai kuma ta dindindin, irin ta farar wuta da kilorin da arsenik, waɗanda ke kama fuskar ƙarfen su ƙi saki. Masu yin asid ɗin salfurik sun sha wahala da arsenik da ke biyo hayaƙin duwatsun da ake gasawa, wanda ke kashe falatinam, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma ga banadiyam fentoksaid mai juriya da arha.

Tsarin masana'antar amoniya kansa darasi ne a kan kariya. Ana fara ratsa iskar gas ta cikin zinki oksaid don ya kama farar wuta har ta sauka ƙasa da kashi 0.1 cikin miliyan, saboda katalis na nikel da ke gaba ba ya jure ta. Ana zuba tururi kusan ninki uku na kabon da ke cikin iskar don kada baƙin toka ya lulluɓe nikel ɗin ya toshe bututu. Katalis na jan ƙarfe da ke gaba da wannan yana lalacewa da ɗan kiloraid kaɗan, don haka ake sa masa shimfiɗar kariya a samansa. A ƙarshe kuma ana mayar da ragowar kabon monoksaid da kabon dayoksaid su zama metan, har jimillarsu ta koma 'yan kasoshi cikin miliyan. A lura cewa wannan metan ɗin shi ne wanda muka gani yana taruwa a zagayen mayarwa. An sauya guba da baƙo marar cutarwa, sannan aka buɗe masa ƙofa.

Wani wurin ma'aunin ya fi haka tsanani. A masana'antar kilorin da soda mai amfani da tantanin rarraba sinadarai, dole kalsiyam da magniziyam da ke cikin ruwan gishiri su sauka ƙasa da kusan kashi 20 cikin biliyan, domin suna daskarewa a cikin tantanin su huda shi. Zaiba da ke cikin iskar gas ba ta dami bututun ƙarfe ba, amma tana cin alminiyum ɗin da ake yin na'urorin sanyaya iskar da shi, shi ya sa ake cire ta tun kafin iskar ta kai can. Saboda haka babu adadi ɗaya da za a kira tsafta. Na'urar da ta fi rauni a gaba ita ke faɗin iyaka, kuma ita ya kamata a rubuta a takardar sayen kaya.

Mataki na huɗu: a san abin da kowane ƙari yake bukata kafin ya yi aiki

Ga kowane ƙari a rubuta abu huɗu: dalilin sa shi, mafi ƙarancin adadi, mafi yawan adadi, da sharaɗin da yake bukata. Kilorin da muka kira guba a sama shi ne ake zubawa da gangan, 'yan kasoshi cikin miliyan, a kan katalis na azurfa wajen yin etilin oksaid, domin yana hana etilin ƙonewa ta zama kabon dayoksaid. Idan ya yi kaɗan sai a yi asarar etilin, idan ya yi yawa sai katalis ya yi sanyi. A masana'antar yuriya ana hura ɗan iska cikin kabon dayoksaid don oksijin ɗinta ya riƙe siririn ɓawon da ke kare ƙarfe daga cin ruwan kabamet mai zafi, wato sinadarin da ke fara samuwa kafin ya zama yuriya, amma yawanta tare da ragowar haidirojin yana iya haɗa iska mai fashewa. Jifsam kashi 3 zuwa 5 da ake niƙawa tare da siminti shi ke hana shi daskarewa nan take idan ya taɓa ruwa.

Sharaɗin aiki shi ne abin da aka fi mantawa, kuma a nan rayuka ke salwanta. Sitairin, wanda ake yin roba da shi, yana iya haɗuwa da kansa ya daskare yana fitar da zafi mai yawa, don haka ake sa masa sinadarin TBC kusan kashi 10 zuwa 15 cikin miliyan don ya hana hakan. TBC ba ya aiki sai da oksijin narkakke a cikin ruwan, kuma yana ƙarewa da sauri idan tanki ya ɗumama. Wanda ya lulluɓe tankin da naitirojin tsantsa da nufin hana gobara ya kashe mai gadin da kansa. A ranar 7 ga Mayun 2020, a masana'antar LG Polymers da ke Bisakafatnam a Indiya, tankin sitairin da ya daɗe a ajiye lokacin kullen korona ya yi zafi, tururin ya bazu cikin unguwanni, mutum 12 suka rasu. Asid ɗin akirilik, wanda shi ma yake iya haɗuwa da kansa har ake sa masa sinadarin kariya, yana da nasa tarkon: yana daskarewa a kusan digiri 13, kuma idan ya daskare sinadarin kariyar ba ya rarrabuwa daidai a cikinsa, ta yadda narkar da shi da tururi ko wuta kan iya tayar da haɗuwar a ɓangaren da ba shi da kariya. Ana narkar da shi a hankali da ruwan ɗumi, a garwaya shi sosai kafin a ɗiba.

A kuma bi ƙarin zuwa gaba kamar yadda aka bi datti. Maganin kumfa mai silikon da ake zubawa a wani sashe na matatar mai yakan farfashe ya bi man zuwa sashen cire farar wuta, inda silikon ke toshe katalis ɗin can. Sashen farko ya huta, na biyu ya biya.

Mataki na biyar: a shata iyakokin zafi, matsi da lokaci

Ƙa'idoji biyu ke ja-in-ja a nan. Ta Arrhenius, ta 1889, tana nuna cewa zafi yana hanzarta haɗuwa, kuma a sinadarai da yawa ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin. Ta Le Chatelier, ta 1884, tana nuna cewa haɗuwar da ke fitar da zafi tana ja da baya idan an ƙara mata zafi. Haɗa amoniya yana fitar da zafi, don haka ta fi samuwa a sanyi, amma a sanyi katalis ba ya motsi, shi ya sa aka tsaya a digiri 400 zuwa 500, aka cike giɓin da matsi mai ninka na iskar duniya sau 150 zuwa 300. Wannan matsin ya haifar da tasa matsalar: Carl Bosch na kamfanin BASF ya tarar haidirojin mai zafi yana ratsa ƙarfen tukunya, yana haɗuwa da kabon da ke cikinsa ya zama metan, ƙarfen ya yi gautsi ya tsage. Ya magance ta da sa rufin ciki na ƙarfe mai laushi marar kabon sosai, ya kuma huda ƙananan ramuka a bangon waje don iskar da ta ratsa ta fice.

Zafi ba ya hanzarta haɗuwar da ake so ita kaɗai, har da waɗanda ba a so, kuma sau da yawa su ya fi hanzartawa. Narkakkiyar yuriya da ta daɗe a zafi tana ba da biyuret, wanda ke ƙona ganyen amfanin gona, shi ya sa ake gajarta bututun da ke ɗauke da ita, ake kuma hana ta zama. A Sebeso ta Italiya, ranar 10 ga Yulin 1976, an dakatar da aikin haɗa sinadarin tarikilorofenol a tsakiya, an kashe magarwayi, zafi ya hau a saman tukunyar har ta yi aman hayaƙi mai ɗauke da gubar dayoksin, wanda a zafin da aka saba ɗan kaɗan ne yake samuwa.

Dole a fahimci dalilin da ya sa tukunya ke ƙwacewa. Zafin da haɗuwa ke fitarwa yana ninkuwa, wato ƙarin digiri 30 na iya zama ninki takwas, amma ƙarfin sanyayawa yana ƙaruwa ne kaɗan-kaɗan daidai da tazarar zafi tsakanin kayan da ruwan sanyi. Akwai matakin da na farko ke tsere wa na biyu, kuma daga nan babu bawul ɗin da zai dawo da shi. Girma yana ƙara tsananta wannan: idan an ninka faɗi da tsawon tukunya sau 10, cikinta ya ninku sau 1,000 amma bangon da zafi ke fita ta cikinsa sau 100 kawai. Gwajin da ya tafi lafiya a kwalba ba hujja ba ne ga tanki. A Bhopal ta Indiya, daren 2 zuwa 3 ga Disambar 1984, ruwa ya shiga tankin metil aisosayanet, sinadari mai mugun guba, na'urar sanyaya tankin tana kashe, zafin ya sa ƙarfe ya fara ci, ƙarfen da ya narke kuma ya zama katalis ga wata haɗuwar mai ƙarin zafi, dubban mutane suka rasu. Datti da yanayin aiki ne suka ciyar da juna a wannan dare.

Don haka ga kowane ma'auni a rubuta iyakar aiki ta yau da kullum, da iyakar da ƙararrawa za ta kaɗa, da iyakar da na'ura za ta tsayar da aiki da kanta, tare da bayanin abin da ke faruwa idan an ƙetare, cikin harshen da ma'aikacin dare zai gane. A ba lokutan tayarwa da kashewa da jiran gyara kulawa ta musamman, domin a cikinsu ne kaya ke zama a yanayin da ba a tsara ba.

Mataki na shida: a auna da kyau

Samfurin da aka ɗiba daga bututun da ba a zubar da tsohon ruwansa ba yana ba da labarin jiya. Wanda aka ɗiba a kwalbar da ba ta dace ba yana iya rasa abin da ake nema, kamar yadda farar wuta da zaiba ke mannewa a bangon ƙarfe kafin a kai ɗakin gwaji. A tabbata na'urar gwajin tana iya ganin ƙasa da iyakar da aka sa, a kuma riƙa zana sakamakon a jere na watanni, domin hawa a hankali ya fi lamba ɗaya faɗar gaskiya. A tukunyar katalis mai shimfiɗa, wurin da zafi ya fi yawa yana matsawa ƙasa yayin da guba ke cin saman, kuma saurin matsawarsa yana nuna sauran kwanakin katalis ɗin. Idan ya yi sauri ba zato, ruwa ba ya tsami banza, a koma jerin mataki na farko a ga abin da ya sauya.

Mataki na bakwai: kada a sauya komai ba tare da sake bin matakan ba

A Oppau ɗin da muka fara da ita, takin amoniyam salfet da amoniyam naitiret yakan dunƙule a rumbu kamar dutse, kuma an saba farfasa shi da nakiya, an yi haka dubban lokuta ba abin da ya faru. A 1921 aka sauya hanyar busar da takin, laimarsa da nauyinsa da yadda gishirin biyu ke gauraya suka sauya, kuma a ranar 21 ga Satumba rumbun ya fashe, fiye da mutum 500 suka mutu. Kusan shekara ɗari bayan haka, a Yulin 2018, aka janye maganin hawan jini na balsatan daga kasuwannin ƙasashe da yawa saboda an sami NDMA a cikinsa, sinadarin da ake zargi da jawo ciwon daji. Tushen abin sauyin hanyar haɗa maganin ne, inda ragowar dayimetil'amin daga ruwan narkarwa na DMF ta haɗu da sodiyam naitirait da aka zuba don kashe wani sinadarin daban. Gwajin yau da kullum bai gan shi ba tsawon shekaru, saboda ba a tsara shi don nemansa ba.

Sauyin da ya wajaba a tantance ya haɗa da sabon mai kawo kaya, sabon ruwan narkarwa, ƙarin yawan abin da ake sarrafawa, tsawaita lokacin ajiya, sauya jinsin ƙarfe ko roba a bawul, da rage zubarwa. Takardar neman sauyi ta faɗi sabon abin da zai shigo, inda zai fita, abin da zai haɗu da shi a hanya, da gwajin da zai iya ganinsa, kuma masanin sinadarai da injiniyan sarrafawa da shugaban masu aiki da na'urar su sa hannu kafin a taɓa komai. A fara da ƙaramin adadi, a ajiye samfurin kafin sauyi da na bayansa don kwatantawa, a yawaita awo a makonnin farko, sannan a sa ranar sake dubawa bayan wata uku ko shida, domin dattin da ke taruwa a zagayen mayarwa ko a kan katalis yakan ɗauki wannan tsawon lokaci kafin ya bayyana a ma'auni.